Kwabon Da Na Bari Ya Ƙone

Ku samari masu tasowa, ban san sunayenku ba, ni ma ba zan faɗa muku nawa ba. A unguwar Misfala ana kirana Mai Kwabbai. Da can ina jin daɗin wannan suna, yanzu kuwa duk wanda ya kira ni da shi sai gabana ya faɗi. Ga yadda aka yi.

A nan Makka aka haife ni. Mahaifina ya taso daga ƙasar Kano da ƙafa, ya yi shekara tara a hanya, yana tsayawa noma a Sudan yana tara guzuri. Da ya iso ya sauke farali, sai ya zauna. Ruwa yake ɗauka a salka yana kai wa gidajen da ke saukar da alhazai. Mutum ne marar hayaniya, wanda in ya tsinci allura a hanya sai ya yi cigiyar mai ita. Da ya rasu bai bar mini komai ba sai salkar da sunansa mai kyau. Na ɗauki salkar na ci gaba da sana'ar, sunan kuwa za ku ji abin da na yi da shi.

Abin da ya raba ni da sauran samarin unguwa shi ne son tsofaffin kuɗi. Makka gari ne da kuɗin duniya ke taruwa. Za ka ga na Turkawa, da rufiyar Indiya, da girshin Masar, da kwabo mai huji na ƙasarmu. 'Yan canji da ke zaune kusa da Harami kowannensu yana da kwanon da yake jefa waɗanda suka goge har rubutunsu ya ɓace, don ba mai karɓarsu. Ni nake zuwa in kwashe su a araha, wani lokaci ma in kai wa mutum ruwa ya ba ni cikin tafin hannu kyauta. Abokaina suna yi mini dariya, wai na zama bolar 'yan canji. Ban damu ba. In na dawo gida da la'asar sai in baza su a kan tabarma ina juya su, ina tunanin hannaye nawa suka shafa kafin su zo nawa.

Wani tsohon maƙerin azurfa mutumin Yaman, muna ce masa Ammu Salihu, shi ya gan ni wata rana ina ƙura wa wani gogaggen kwabo ido. Ya karɓa, ya ɗiga masa wani ruwa da maƙera ke kira ruwan wuta. Ina kallo sai ga lambobin shekarar da aka buga kwabon suna fitowa a hankali a wurin da yake sumul.

"Abin da aka buga da guduma ba ya mutuwa, ya waladi, ɗana," ya ce da ni. "Ƙarfen da ke ƙarƙashin lamba ya fi na gefensa tauri. Ruwan zai ci mai laushi ya bar mai tauri. Amma ka ƙirga numfashi bakwai kawai, ka tsoma shi cikin ruwan kanwa. In ka wuce, zai cinye duka, kuma ba ya dawowa."

Da gashin kaza ɗaya na ɗiga ruwan da 'yar kwalba da ƙoƙon ruwan kanwa na fara. Kwabon da aka yi wa haka yana samun tabo, ɗan canji ba zai ko kalle shi ba, amma ni a wurina ya fi sabo daraja. Na koyi lambobin Turawa don in karanta na ƙasarmu. Na jera su a kan wani farin ƙyalle shekara bayan shekara, ina neman waɗanda babu. Ban taɓa jin daɗin wani abu a duniya kamar wannan lokacin ba, kuma ban cuci kowa ba.

Mutanenmu da ke zuwa da ƙafa sukan rasa lissafin shekarun da suka yi a hanya. Da yawansu kafin su bar gida sai su nemi sabon kwabo na wannan shekarar su zura masa igiya su rataya. Kafin su iso, gumi da guga sun shafe shi. Da labarina ya bazu, sai suka riƙa kawo mini don in gaya musu shekara nawa ke nan da barinsu gida. Nan na sami sunan Mai Kwabbai.

Ƙaryata ta farko 'yar ƙarama ce. Wani dattijo mutumin ƙasar Katsina ya kawo nasa, na ɗiga ruwa, babu abin da ya fito, don ya goge da yawa. Dattijon ya zuba mini ido yana jira. Na ji nauyin in ce ban gani ba, sai na ce, "Shekara goma sha ɗaya, Baba." Ya share hawaye, ya ce ashe 'yarsa ta isa aure, ya ba ni dabino, ya yi ta sa mini albarka. Na ce wa kaina ai ban yi masa illa ba. Abin da na gane a ranar shi ne, duk abin da na faɗa a kan kwabo ba wanda zai musa.

Daga nan abin ya girma. Alhazai suna son tsaraba mai tarihi. Na lura cewa in ka kankare lamba ta farko daga shekarar da ke jikin kuɗin Turkawa, shekara dubu ta tafi ke nan. Kuɗin jiya sai ya zama na zamanin halifofin Bagadaza. In lokacin aikin hajji ya zo, sai in shimfiɗa ƙyalle a gefen hanya in sayar wa mutanen da suka sha wahalar duniya kafin su zo, suna karɓa da hannu biyu suna sumbata. Na ajiye salka, na sayi jallabiya mai kyau. Da Ammu Salihu ya ji, ya hana ni ruwan wuta, ya ce kada in ƙara taka shagonsa. Na yi fushi, na ce hassada ce irin ta tsofaffi, na nemi ruwan a wurin wani.

Yanzu sai in gaya muku labarin Iya Habi. Tsohuwa ce mai sayar da waina a ƙofar gidanta a unguwarmu. Gidan ɗaki biyu ne na dutse, da guminta ta gina shi, kuma ba ta da magaji. Tun da mahaifiyata ta rasu ina ƙarami, ita ke cika mini ciki, ba ta taɓa karɓar komai a hannuna ba. Ita ma da ƙafa suka zo, ita da mijinta da ɗansu Audu mai shekara huɗu. A Sawakin, inda ake hawa jirgin ruwa a ƙetaro teku, cunkoso ya raba su. Aka tura ta cikin jirgi da sauran mata, mijin da yaron za su biyo a na gaba. Ba su biyo ba. Daga baya ta ji cewa zazzaɓi ya kashe mijin a bakin teku, yaron kuwa ba wanda ya san wanda ya ɗauke shi. Fiye da shekara talatin ke nan tana tambayar duk wanda ya fito daga Sudan.

Wata rana da hantsi ta kira ni cikin gida, ta warware ɗinkin wata laya da ke wuyanta, ta fito da kwabo mai sheƙi kamar jiya aka buga shi. Ta ce kafin su taso mijinta ya sayi sababbi guda biyu, ya kai wa maƙeri ya buga musu alama iri ɗaya, kamar sawun kaza, kusa da huji. Ɗaya ta ɗinke a fata, ɗaya aka rataya wa yaron.

"Karanta mini, ɗan nan, in san shekarun Audu yanzu," ta ce. Na karanta na gaya mata. Tana mayar da shi cikin fata ta ce, "Ba wanda ya taɓa ganin alamar nan sai kai. Na san in aka sani, 'ya'ya goma za su fito mini saboda gidan nan. Kai na nuna maka ne don na san ubanka."

Ina so in ce wani ne ya zuga ni, amma ba haka ba ne. Ni na ƙulla abin, tun kafin in fita daga gidan. Akwai wani ɗan dako mai suna Isiyaku da na sani a Mina, ya zo ta ƙasar Chadi, shekarunsa sun yi daidai da na Audu, ga shi da zaƙin baki. Na gaya masa, muka shirya cewa in tsohuwar ta rasu ya gaji gidan, mu raba. Na ce wa kaina ai taimakonta ma zan yi, za ta mutu da farin ciki.

A cikin jerin kwabbaina akwai na wannan shekarar. Na gyara ƙusa na buga masa sawun kaza. Na yi kwana uku ina gurza shi da yashi har ya yi sumul, na shafa masa mai na binne shi cikin toka don ya tsufa. Na koya wa Isiyaku labarin Sawakin kamar yadda na ji a bakinta. Sai ya je ƙofar gidanta ya sayi waina, ya bar kwabon ya leƙo daga wuyan rigarsa har ta gan shi.

Aka taru a zauren umda, wato mai unguwarmu, da dattawa. Aka kira ni a matsayin masani. Na ɗiga ruwa, na ƙirga bakwai, na tsoma, na miƙa wa Iya Habi. Ta ajiye shi kusa da nata. Shekara ɗaya, alama ɗaya. Iya Habi ta kama kan Isiyaku ta rungume tana kiran sunan Audu, dattawa suna ta kabbara. Ta yi kwana biyu tana raba waina kyauta. Ni ma na ci.

Bayan kamar shekara guda, da hajji ya kewayo, wani mutum ya zo unguwarmu tare da alhazan Sudan yana cigiyar wata Bahaushiya da ta rabu da ɗanta a Sawakin. Dogo ne, marar magana, hannayensa sun yi kanta don jan igiyar jirgi. Ba ya jin Hausa sai 'yan kalmomi. Ya ce wani masunci ne ya tsince shi ya rene shi, ana kiransa Abdullahi, kuma an gaya masa cewa uwarsa ta ƙetare zuwa Makka. Ya yi shekaru yana tara abin zuwa. A wuyansa akwai kwabo mai huji, ya goge har ya yi siriri.

Aka sake taruwa a zauren umda da safe, aka aiko mini. Isiyaku yana zaune kusa da Iya Habi yana watso mini harara. Baƙon ya kwance igiyar da kansa. Ya ce cikin Larabci, "Tun da na yi wayo ban taɓa cire shi ba. Ka yi a hankali, ya ahi, ɗan'uwana, shi kaɗai nake da shi."

Na ɗora kwabon a tafin hannuna na ɗiga ruwa. Ina fata kada komai ya fito. A numfashi na biyar sai ga shekarar ta bayyana, ita ce dai ta kwabon Iya Habi. Kusa da huji kuma ga sawun kaza, ya fi wanda na buga kyau. Na lanƙwasa yatsuna kamar ina kare shi daga hasken ƙofa, don kada wani ya gani. Na kai bakwai. Ƙoƙon ruwan kanwa yana nan kusa da gwiwata, miƙa hannu kawai zan yi. Na tuna bulala, na tuna kunya, na tuna yadda dattawan nan za su dube ni. Sai na ci gaba da ƙirga. Na ga alamar tana narkewa, na ga lambobin suna bin ta, har na kai ashirin. Da na tsoma shi na ɗago, wurin ya yi baƙi ƙirin.

"Babu komai," na ce. "Ya goge da yawa."

Mutumin ya karɓa ya daɗe yana juya shi. Iya Habi tun shigowarsa take kallonsa, amma da ta ji maganata sai ta kawar da kai. Ta ce, "Bawan Allah, na riga na sami ɗana. Kada ka yi wasa da zuciyar tsohuwa. Tashi ka tafi." Umda ya fassara masa. Bai yi gardama ba. Ya ajiye kwabon a kan tabarma, ya ce, "Halas, shi ke nan. Ki yafe mini, ya Hajja, na tayar miki da hankali." Ya sa takalmansa ya fita. Da alhazan Sudan suka tashi, ya bi su.

Isiyaku bai iya jiran mutuwarta ba. Ya lallashe ta ta dangwala yatsa a wata takarda, ya sayar da gidan tana ciki, ya gudu Jidda. A can aka kama shi yana neman shiga jirgi ba takardu, kuma tun kafin a matsa masa ya faɗi sunana. Aka zo ɗakina aka tarar da ƙusar da kuɗin Turkawan da na kankare. Alƙali ya mayar wa Iya Habi gidanta. Ni kuwa aka yi mini bulala a gaban jama'a, aka yanke mini shekara bakwai.

Ba zan cika ku da labarin kurkuku ba. Akwai zafi, akwai kuɗin cizo, akwai ƙishirwa, ni da na saba raba wa mutane ruwa. Duk waɗannan jiki yana sabawa da su. Abin da ban saba da shi ba shi ne ƙirga. In na zauna shiru sai in ji ina ƙirga numfashina, in na kai bakwai sai zuciyata ta buga.

A watana na uku aka ce ina da baƙuwa. Na fito bakin ƙarfen ƙofa sai ga Iya Habi, ta rame, tana riƙe da ƙunshin waina. Na kasa ɗaga kai. Na yi zaton zagi ta zo yi, kuma da zagin ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Tambaya ɗaya na zo yi maka, ɗan nan," ta ce. "Wancan na biyun. Ka ga wani abu a kwabonsa?"

A gaban alƙali ban faɗi wannan ba, don ba a tambaye ni ba. Na ce, "Na gani, Iya."

"Me ka gani?"

"Shekarar da alamar. Duka biyun."

Ta dafa ƙarfen ƙofar. Sannan ta ce, "Kunnuwan ubansa gare shi. Tun da ya shigo na gani. Amma na ce ni tsohuwa ce, idona na iya ruɗina, kai kuwa ka iya karatu." Ta sa hannu cikin mayafinta ta fito da ƙonannen kwabon. Ashe ita ta ɗauke shi daga kan tabarma a ranar, ta ce ita ma ba ta san dalili ba. "Ya ƙetaro teku ya zo wurina, na ce masa tashi ka tafi. Ko ruwa ban ba shi ba. Ka san inda ya nufa?"

Na ce ban sani ba. Ta turo mini wainar ta ƙarƙashin ƙofa ta juya. Ban iya ci ba, na ba waɗanda muke ɗaki ɗaya.

Na ji cewa kowace shekara takan bi masaukan alhazan Sudan tana ba da saƙo. Amma ba ta san sunan masuncin da ya rene shi ba, Abdullahi kuwa sun fi a ƙirga, kuma an ce mutanen Sawakin da yawa sun watse zuwa sabuwar tashar jiragen ruwa. A shekarata ta biyar a kurkuku ta rasu.

Ranar da aka sake ni na koma Misfala, don ba ni da wani wuri. Mutane suna ganina suna kawar da kai, kuma ban ga laifinsu ba. Wata maƙwabciyar Iya Habi ta kira ni ta miƙo mini wata 'yar jakar fata daga bayan labule. Ta ce, "Iya ta ce a ba ka. Ta ce in ya dawo kai za ka ba shi, don kai kaɗai ka gani, kai kaɗai za ka iya yi masa shaida." Na buɗe. Kwabbai biyu ne a igiya ɗaya, mai sheƙi da ƙonanne. Na zauna a ƙasa a tsakiyar hanya na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar bulala.

Na tuba, kuma ina roƙon Allah ya karɓa. Na nemi salka na koma ɗaukar ruwa. Na je kabarin Ammu Salihu, wanda ya rasu ina kurkuku, na yi masa addu'a. Alhazan da na sayar wa ƙarya sun watsu a duniya, ba ni da hanyar neman yafiyarsu sai a gaban Allah. Har yanzu wasu kan kawo mini kwabo in tayar musu da shekara, ina yi ba na karɓar komai, kuma in bai fito ba sai in ce bai fito ba.

Samari, ni ba ɓarawo aka haife ni ba. Yaro ne ni mai son tsofaffin kwabbai, wanda ya iya wani abu da mutanensa ba su iya ba. In Allah ya ba ɗayanku sanin da ya sa mutane ke yarda da maganarsa, ko karatu ne ko sana'a, to ya ji tsoron ranar da zai fara faɗin abin da bai gani ba don ya faranta wa wani. Ni daga nan na fara, da dattijo da dabinonsa. Kuma in kun yi laifi, ya kasance faɗin gaskiya zai jawo muku kunya, ku faɗa tun ana iya gyarawa. An yi mini bulalar da na guje wa, na sha kunyar da na guje wa, amma tsohuwa ta mutu ba ta ƙara ganin ɗanta ba.

Kowace shekara ina hawa Mina da salkata in bi tantunan alhazan Sudan, ina ba su ruwa ina tambaya. Jakar fatar tana wuyana. In ɗayanku ya san wani dogon mutum mai suna Abdullahi, wanda masunci ya rena a Sawakin, wanda ya taɓa zuwa Makka neman uwarsa aka ce masa ya tafi, don Allah ku gaya masa kwabonsa na gaskiya ne. Ku gaya masa sunansa Audu, kuma uwarsa ta gane shi tun da ya shigo zauren.